Sabar ɗaya, manhajoji uku: kundin aikin haɗa fayilolin ofis

Litinin, 1 ga Satumba, 2025

Yau aka damƙa min aikin, shi ya sa na buɗe wannan kundi, don kada nan da wata biyu in manta abin da na taɓa da dalilin taɓa shi.

Ga halin da na tarar. Kwamfutoci wajen sittin ne a ofis, yawancinsu Windows, tara Mac ne na sashen zane, bakwai kuma Linux na masu nazarin bayanai. Kowane ma'aikaci yana da asusu a Active Directory, wato rajistar tsakiya da ke riƙe da sunan mutum da kalmar sirrinsa da rukunin da yake ciki. Ta wannan gefen komai a tsare yake. Fayiloli kam, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Masu Windows suna zuba nasu a wani tsohon akwatin ajiya da ke buɗe wa kowa ba tare da kalmar sirri ba. Masu Mac suna yawo da faifan waje daga tebur zuwa tebur. Masu Linux sun kafa wa kansu NFS, wato hanyar raba fayiloli ta netwok irin ta Linux, a kan wata kwamfuta da ke ƙarƙashin teburin ɗayansu. Idan fayil zai tsallaka daga wani sashe zuwa wani, sai dai fulash ko imel. Da idona na ga fayil mai suna kasafi_na_ƙarshe_na_gaske_3.xlsx, kuma an tabbatar min ba shi ne na ƙarshen ba.

Abin da ya tayar da maganar shi ne Windows 10, wanda Microsoft za ta daina tallafa wa ranar 14 ga Oktoba. Kwamfutocin farko da muka ɗaga zuwa Windows 11 24H2 sun ƙi buɗe tsohon akwatin sam. Wannan sigar tana neman a sa hannu na lantarki a kan kowane saƙon SMB, wato yaren da Windows ke raba fayiloli da shi ta netwok, kuma ba ta yarda da shiga a matsayin baƙo. Baƙo ba shi da kalmar sirri, don haka babu mabuɗin da za a sa hannun da shi. Ana iya kashe wannan kariya a kowace kwamfuta a ci gaba da harka kamar da. Na ce a'a.

Laraba, 3 ga Satumba

Mun sha muhawara da abokin aikina kan yaren da sabuwar sabar, wato kwamfutar da za ta riƙe fayilolin kowa, za ta yi magana da shi. Shi yana ganin a bai wa kowa nasa: SMB ga Windows da Mac, NFS ga Linux, duk a kan folda ɗaya. A takarda abin ya yi kyau. Ni dai ban yarda ba.

NFS ya fito daga kamfanin Sun ne a 1984, lokacin da ake ɗaukar duk kwamfutar da ke kan waya ɗaya a matsayin ta gida. A yadda masu Linux ɗinmu suka kafa shi, kwamfuta ce ke cewa "mai lamba 1001 ne ke neman wannan fayil", sabar kuma ta amince ba tare da wata shaida ba. Duk wanda ke da ikon root, wato cikakken iko, a kwamfutarsa, kuma su bakwai ɗin duk suna da shi, yana iya rikiɗa ya zama kowa. NFS na huɗu da Kerberos, tsarin da ke ba mutum tikitin shaidar ko shi wane ne, yana toshe wannan, gaskiya ne, amma sai ka koma riƙon tsarin izini biyu da tsarin kulle fayil biyu a kan kaya ɗaya. Samba, manhajar da ke sa sabar Linux ta yi magana da SMB, tana rubuta wanda ya buɗe wane fayil a cikin nata kundin. Wanda ya shigo ta NFS bai bi ta gabanta ba, ba ta san da zuwansa ba. Mutum biyu su buɗe fayil ɗaya ta ƙofa biyu, wanda ya adana daga baya ya shafe aikin ɗan'uwansa.

SMB kuwa duka ukun suna jin sa. Apple ta mayar da shi yaren farko na Mac tun OS X Mavericks a 2013, ta bar nata AFP a baya. Linux yana da shi a cikin ƙwayar manhajarsa. Mun tsaya a kan ƙofa ɗaya, ta SMB, mai lamba 445. Sabar kanta Ubuntu 24.04 ce da Samba 4.19, tsarin ajiya na faifan kuma ZFS.

Litinin, 8 ga Satumba

Shigar da sabar cikin domen, wato yi mata rajista a Active Directory, ya cinye min wuni guda kan abin da bai kai ya kawo ba. Umarnin net ads join ya yi ta dawowa da ƙorafin agogo. Ashe agogon sabar ya wuce na rajistar tsakiya da minti bakwai, Kerberos kuwa ba ya lamuntar bambancin da ya haura minti biyar, saboda da lokaci yake gane tsohon tikitin da wani ya sato zai sake amfani da shi. Na saita chrony ya riƙa ɗaukar lokaci daga rajistar, na sake gwadawa, ya shiga nan take. Na daɗe ina zargin DNS, mai fassara sunan kwamfuta zuwa lambarta, alhali ba shi da laifi. A wannan karon dai.

Alhamis, 11 ga Satumba

Yau na isa inda gizo ke saƙa, kuma zan ɗan tsawaita, domin kuskure a nan ba ya gyaruwa cikin sauƙi.

Windows bai san mutum da sunansa ba, ya san shi da SID, doguwar lamba mai farawa da S-1-5-21 wadda ke ƙarewa da gajeren yanki na mutumin shi kaɗai. Linux kuma lamba ɗaya tak ya sani, UID. Faifan sabar Linux ne, don haka duk fayil da aka rubuta sai an liƙa masa UID. Dole wani ya zama tafinta tsakanin biyun, kuma aikin winbind ke nan. Tambayar ita ce da wace ƙa'ida zai riƙa fassarar.

Akwai hanyar da ke raba lambobi bi da bi, wanda ya riga zuwa ya samu ta farko, a ajiye jerin a wani ƙaramin fayil. Ranar da fayil ɗin nan ya ɓace, ko aka kafa saba ta biyu, lambobi za su sake rabuwa daban, sai ka wayi gari foldar albashi ta zama mallakar ɗan koyon aiki. Akwai hanyar da ke karanta lambar daga Active Directory, wadda ke bukatar a cike wa kowane asusu da hannu. Na ɗauki ta uku, rid, mai lissafi kawai: ƙarshen SID a haɗa da farkon zangon da ka ware. Na ware daga 10000, don haka mai 1105 a ƙarshen SID ɗinsa zai zama 11105, yau da gobe, a wannan saba da duk wadda za a kafa nan gaba da saiti iri ɗaya. Na rubuta gargaɗi da manyan baƙaƙe a saman smb.conf, fayil ɗin saitin Samba, cewa kada wanda ya taɓa wannan zango bayan an fara zuba fayiloli.

Kwamfutocin Linux bakwai ɗin wani tafinta daban, SSSD, suke amfani da shi, kuma lambobin da yake bai wa mutane daban suke da na winbind, dogaye masu ban tsoro. Da NFS muka bi, da wannan ya zama ciwon kai na mako guda. Da SMB kuwa ko a jikina, tunda sabar ba ta duba lambar da kwamfutarka ta ba ka, tikitinka take dubawa.

Izini ma na yanke masa hukunci ɗaya: daga Windows kaɗai za a riƙa saita shi, kuma ga rukuni, ba ga mutum ba. Samba tana ajiye cikakken jerin izinin Windows a maƙale da fayil ta hanyar acl_xattr. Wanda ya shiga sabar ya buga chmod, umarnin Linux na sauya izini, yana iya sa abin da faifai ya sani ya saɓa da abin da Windows ke nunawa. Abokin aikina ya ce na cika tsanani. Na ce masa ya jira ranar da za a kira shi da daddare.

Talata, 16 ga Satumba

Windows ya tafi sumul. Da Group Policy, saitin da ake tura wa kwamfutocin Windows daga tsakiya, na haɗa wa kowane sashe foldarsa a harafin S, mutum na shiga kwamfuta zai gan ta. Na kuma sa a ɓoye wa kowa foldar da ba shi da izinin buɗewa, don a rage tambayar "me ke cikin waccan?"

Juma'a, 19 ga Satumba

Linux ya ba ni aiki. Na ɗaura foldar da sec=krb5 da multiuser, domin kowa ya shiga da nasa tikitin maimakon a ajiye kalmar sirri ɗaya a fayil. Sai ga kuskure mai lamba 126, wai ba a samu mabuɗin da ake bukata ba. Na duba da umarnin klist, tikiti na nan. Na duba cifs-utils da keyutils, duk suna nan.

Laifina ne. Sunan sabar na asali dogo ne mai lambobi, sai na yi mata laƙabi a DNS, "ajiya", don sauƙin mutane. Kerberos ba ya ba da tikiti sai ga sunan da ke rubuce a asusun kwamfutar, ni kuma ban rubuta laƙabin a can ba. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne Windows ya kwana uku yana amfani da wannan laƙabi bai ce uffan ba. Da ya nemi tikiti bai samu ba, sai ya sulale ya koma tsohuwar hanyar NTLM, kowa na ganin komai lafiya. Taurin kan Linux ne ya tona asirin. Na ƙara sunan da setspn, na sabunta mabuɗan sabar, yanzu dukkansu Kerberos suke bi. Haka ma yake faruwa idan mutum ya buga lambar IP a madadin suna, don haka na goge duk gajerun hanyoyin da ke ɗauke da lamba.

Wani daga masu nazari ya zo a firgice, wai ls yana nuna masa duk fayilolin sashen nasa ne. Na kwantar masa da hankali: haka wannan ɗauri yake nuna wa duk wanda ya duba, ado ne kawai. Na ce ya gwada goge abin da ba nasa ba. Sabar ta hana shi.

Laraba, 24 ga Satumba

Mac. Kwana biyu ina kansa.

Mac yana maƙala wa fayil wasu bayanai na gefe, irin su launin alama da bayanan Finder, manhajar Mac ta duba fayiloli. Idan sabar ba ta san inda za ta ajiye su ba, sai a samu wani ɗan fayil mai farawa da ._ kusa da na ainihi, ga kuma .DS_Store a kusan duk foldar da aka leƙa. Mai Mac ba ya ganinsu. Mai Linux ko mai Windows da ya kunna nuna ɓoyayyu yana ganinsu birjik, ya ɗauka ƙwayar cuta ce ya hau gogewa. Maganin a gefen Samba shi ne a kunna wasu sassanta uku, catia, fruit da streams_xattr, a jere haka. Na fara sa su a foldar sashen zane kaɗai, sai abin ya riƙa yi yau, gobe ya ƙi. Dalili: Mac yana yin yarjejeniyar ƙarin fasahohinsa ne a foldar farko da ya buɗe a sabar. In ta farkon ba ta da fruit, ya haƙura da su gaba ɗaya har sai an sake haɗawa. Na mayar da saitin na kowa da kowa, magana ta mutu. Shi kuma .DS_Store, akwai saitin DSDontWriteNetworkStores da ke hana Mac rubuta shi a foldar netwok, na tura wa duka taran. Don adalci, Windows ma yana zubar da nasa tarkacen, Thumbs.db da desktop.ini, ba wanda ya taɓa kawo ƙararsa.

Sai sunaye. Shugabar sashen zane tana sa kwanan wata a sunan aikinta kamar haka: Talla 12/09. Finder ya yarda da wannan, amma a ƙarƙashi yana mayar da sandar ta zama ɗigo biyu, ɗigo biyu kuwa haramun ne a sunan fayil na Windows, tare da alamar tambaya da tauraro da wasu shida. Mac yana sauya haramtaccen harafin da wata alama ta musamman kafin ya aika, sai mai Windows ya ga ɗan akwati ko wani gurbi a tsakiyar suna. Fayil ɗin yana buɗuwa, amma nemo shi da suna ya zama wahala.

Na same ta a teburinta na ce, "Hajiya, alfarma nake nema. A riƙa rubuta 2025-09-12 da ɗan layi a tsakani."

Ta ce, "Malam, shekara goma ina rubuta shi haka, kwamfutata ba ta taɓa ƙorafi ba."

Na buɗe foldar a Windows na juya mata allon. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce wa zai gyara tsofaffin. Ni ne, mana.

Na gwada sunaye masu ɓ da ɗ da ƙ a duka ukun, ba matsala. Abin lura kawai, iyakar tsawon suna a faifan sabar bayit 255 ne, kuma kowane ɗayan waɗannan haruffa bayit biyu yake ci, alhali Windows haruffa yake ƙirgawa. Suna mai tsawon gaske yana iya wucewa a Windows ya maƙale a sabar. Masu wasali mai alama a ka, irin é, su ne ke da rikici, domin ana iya rubuta su a matsayin harafi ɗaya ko harafi da alama daban. Tsofaffin faifan Mac ta biyun suke bi. Ido yana ganin suna ɗaya, kwamfuta tana ganin biyu.

Asabar, 27 ga Satumba

Ranar kwashe kaya. Kafin in fara na bi tsohuwar kwamfutar NFS da ɗan rubutun bincike, kuma Allah ya taimake ni da na yi hakan. Akwai folda Data da folda data a wuri ɗaya, abubuwan cikinsu daban. A Linux halal ne, babban harafi da ƙarami ba ɗaya ba ne. Ta SMB kuwa suna ɗaya ne, da na kwafa kai tsaye da sun narke cikin juna, fayiloli masu suna iri ɗaya su danne juna ba tare da ko gargaɗi ba. Na samu irin wannan guda goma sha ɗaya. Na kuma samu fayil mai suna aux.csv. AUX na cikin sunayen da Windows ya keɓe tun zamanin DOS, tare da CON, PRN, NUL da su COM1.

Tsohon akwatin na kwashe shi da robocopy, umarnin Windows na kwafar fayiloli. Wanda zai yi wannan ya tuna da /R:1 /W:1. Idan ba ka sa ba, robocopy zai sake gwada fayil ɗin da ya ƙi har sau miliyan, yana jiran daƙiƙa talatin a tsakani. Na san haka, amma na manta a zagayen farko, na dawo bayan awa biyu na tarar da shi tsaye kan fayil ɗaya da wani ya bari a buɗe tun jiya. Ban kwaso tsohon izini ba, tunda babu wani izinin kirki a can. Komai ya gaji na sabuwar foldarsa.

Foldojin sashen kuɗi sun yi zurfin da cikakken adireshin wasu fayiloli ya haura haruffa 260. Robocopy ya kwashe su lafiya, amma wasu manhajojin Windows ba za su buɗe su ba. Na rubuta jerinsu zan kai wa masu su.

Litinin, 29 ga Satumba

Safiyar farko a sabuwar saba. Kira takwas kafin ƙarfe goma, bakwai daga ciki tsohuwar gajeriyar hanya ce a fuskar kwamfuta. Na mayar da tsohon akwatin na karatu kaɗai, zai zauna haka wata guda.

Na takwas ɗin ya fi daɗin labari. Asusun wani mai zane ya yi ta kulle kansa duk bayan 'yan mintuna. Rajistar tsakiya tana rubuta kowane kullewa da lamba 4740, a nan na bi sawu har zuwa Mac ɗinsa. Tsohuwar kalmar sirri ce ajiye a Keychain, ma'ajiyar kalmomin sirri ta Mac, Mac ɗin yana ta miƙa ta a ɓoye har adadin kuskure ya cika. Na goge ta. Gyaran dindindin shi ne tsarin shiga sau ɗaya na Kerberos da Apple ta saka tun macOS Catalina, yana cikin jerin abin da ke jirana.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Shugaban sashen kuɗi ya kira ni ofishinsa. Buƙatarsa a fili take: yaransa su iya rubutu da gyara, amma kada kowa ya iya gogewa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni minti biyar in nuna wani abu."

Na yi foldar gwaji na cire izinin gogewa, na ce ya buɗe Excel ya canza lamba ɗaya ya adana. Ya ƙi adanuwa, ga kuma wani baƙon fayil mai suna haruffa takwas marasa ma'ana ya bayyana a gefe. Excel da Word ba sa rubutu a kan fayil ɗin da ka buɗe. Sabo suke rubutawa a gefe, su kawar da tsohon, su ba sabon sunansa. A idon sabar, adanawa da gogewa tafiyarsu ɗaya.

Tsoronsa kuwa yana da tushe, domin abin da aka goge a foldar netwok ba ya zuwa kwandon shara na Windows, tafiya yake yi. Don haka na ba shi abin da yake nema ta wata hanyar. ZFS yana ɗaukar hoton faifai duk awa, wato yana ajiye yadda fayiloli suke a wannan lokacin, Samba kuma ta shadow_copy2 tana nuna hotunan a Windows ƙarƙashin sigogin baya. Na sa ya goge fayil ɗin gwaji da hannunsa, ya dawo da shi da hannunsa. Ya maimaita sau biyu, ina jin don daɗi. Na faɗa masa, na kuma rubuta a nan, cewa hoton yana kan faifai ɗaya da kayan, don haka in faifan ya tafi sun tafi tare. Kwafin waje aiki ne daban, kuma ban gama shi ba.

Masu Mac da Linux ba su da wannan maɓalli. Su sai sun kira ni.

Laraba, 8 ga Oktoba

Cikin abin da ya rage a buɗe, biyu ne ke gabana yanzu.

Na farko sikana ce ta hawa na biyu. SMB1, tsohuwar sigar SMB, kaɗai take ji, Samba kuwa ta rufe shi a saitinta na asali tun siga 4.11 a 2019. Layi ɗaya ne a smb.conf zai buɗe shi, kuma mutum uku sun riga sun roƙe ni. Ta wannan tsohon yare ƙwayar cutar WannaCry ta bi ta shiga kwamfutoci a Mayun 2017, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Ramin na Windows ne ba na Samba ba, na sani, amma ba zan sauke katangar sabar kowa saboda na'ura ɗaya ba. Na duba shafin masu ƙera ta ban ga sabuwar manhaja ba. A yanzu tana aika abin da ta ɗauka ta imel. Ina gwada wata 'yar kwamfuta a keɓaɓɓen yanki na netwok da za ta karɓa daga sikanar ta miƙa wa sabar.

Na biyu ya fi damuna. Masu nazari suna barin lissafi yana gudana cikin dare, tikitin Kerberos kuma awa goma yake yi a saitin Active Directory na asali, ana iya sabunta shi har kwana bakwai. Daren Litinin aikin wani ya mutu wajen ƙarfe uku na dare, ya zo rubuta sakamako foldar ta ce ba ta san shi ba. Na kunna sabuntawa ta atomatik a SSSD a kwamfutoci biyu don gwaji. Ayyukan da ke tashi da kansu ba tare da mutum ya shiga ba kuwa, su sai an yi musu asusu na musamman da nasu mabuɗin, kuma sai na zauna da shugabansu mun tantance foldojin da asusun zai taɓa.

Yau da yamma na bar lissafin gwaji yana rubuta layi ɗaya duk minti goma a foldar sashen. Na shiga kwamfutar ƙarfe biyar, ke nan tikitin farko zai ƙare ƙarfe uku. Gobe da safe zan duba ko akwai layin uku da minti goma.